Kalma Ɗaya Mai Auna Tsawon Rai

Yau kalma ɗaya tak ta Turanci za mu koya, ita ce lifetime. Ana faɗinta laiftaim. Kalmomi biyu aka haɗa: laif, watau rai, da taim, watau lokaci. Ma'anarta ke nan tsawon ran mutum, tun daga ran da aka haife shi har ran da ya koma ga Mahaliccinsa.

Ga misali. An haifi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato. Ya hau gado a 1938, ya rasu a 1988. Mu ɗebe 1903 daga 1988, saura 85. To, shekara 85 ɗin nan ita ce lifetime nasa. Shekara 50 da ya yi yana sarauta kuwa zamaninsa ne, wani yanki ne kawai na tsawon ransa.

Kada mu haɗa ta da wata kalma, age, wadda ake rubutawa a katin asibiti. Ita wannan tana tambayar shekarun da mutum ya yi zuwa yau ne. Mai rai ya san shekarunsa, amma tsawon ransa sai Allah.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da wannan? Da ruwansa ƙwarai, gama kalmar takan shiga takarda. A ce wani ya ba ka gona a fadama, aka rubuta cewa taka ce for your lifetime. Nufin wannan, ka noma ta muddin kana da rai. Ran da ka cika, gona ta koma hannun mai ita, 'ya'yanka ba su gadonta. Kamar aro ne mai tsawo, ba saye ba ne. Wanda ya dangwala yatsa bai sani ba, ya bar wa 'ya'yansa shari'a.

Haka kuma a kasuwa mukan ga kalman nan a jikin kwalin fitila ko batir. A can sau da yawa ba ran mai saye ake nufi ba, ran kayan ne, watau tsawon kwanakin da zai yi yana aiki kafin ya mutu. Sai mu tambayi mai kanti, ran wa?

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun ga kalman nan a takarda, kada mu yi garaje. Mu karanta a tsanake, ko mu kai wa malamin aji ya fassara mana a gaban shaidu, kāna mu sa hannu. Tambaya ba ta ɓad da mutum.

Yanzu kowa ya ɗauki fensirinsa. Mutumin da aka haifa a 1900, ya rasu a 1960, shekarar samun mulkin kai, nawa ne tsawon ransa?