Yawon Buɗe Ido Daga Ƙofar Gida: Tsafe, Gusau Da Bunguɗu



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da suka ga dacewar a ba mu wannan lokaci. An nemi mu yi magana a kan yawon buɗe ido da kayan tarihi, kuma mun san da jin wannan take hankalin da yawa daga cikinmu ya riga ya ƙetare teku. To, za mu ƙetare ɗin, amma na ɗan lokaci kaɗan, domin mu ɗebo abin awo. Daga nan sai mu komo kan hanyar da muka sani, wadda ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe, ta shiga Gusau, ta fita ta nufi Bunguɗu. Maƙasudin maganarmu guda ne, watau mai gida ba ya iya nuna wa baƙo abin da shi kansa bai sani ba, kuma aikin sanin nan ya rataya a wuyan mu da muke zaune a wannan zaure.

Abin Awo Daga Bahar Rum

A gaɓar tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 20 daga birnin Tunis, akwai wani ɗan gari a kan tudu mai suna Sidi Bu Sa'id. Ya samo sunansa daga wani malami waliyyi, Abu Sa'id al-Baji, wanda ya zauna a wurin yana karantarwa har Allah ya yi masa rasuwa a 1231. Garin ba shi da ma'adini, ba shi da wata babbar masana'anta. Abin da yake da shi bai wuce kabarin malamin ba, da 'yan lungunansa, da gidaje masu farin bango da shuɗɗan ƙofofi. A shekarar 1915 aka kafa dokar da ta hana a ɓata fasalin garin, kuma albarkacin wannan doka yau baƙi daga ko'ina suke tururuwa, masu masauki da masu sana'ar hannu da 'yan jagora suna cin abinci.

Haka kuma a tsibirin Malta akwai wani tsohon birni mai ganuwa da ake kira Madina, sunan da ya samu daga Larabawan da suka ci tsibirin a shekarar 870. Shi ne babban birnin ƙasar a da, har mulki ya tashi ya koma bakin ruwa bayan 1530. Mazauna cikin ganuwarsa a yau ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, amma ganuwar tana nan, ƙofofin suna nan, an ma taƙaita shigar motoci don kada su lalata wurin. Sai mu riƙe abu biyu daga waɗannan misalai. Na ɗaya, ƙanƙantar gari ba ta hana shi daraja. Na biyu, mutanen wurin ne suka fara sanin darajar kayansu, suka tsare, sannan baƙi suka biyo baya.

'Yandoto, Garin Malamai

Yanzu sai mu komo gida, mu faro daga ƙasar Tsafe. Matafiyin da ya baro Tsafe ya doshi Gusau zai wuce 'Yandoton Daji, kuma galibi ko waiwaye ba ya yi. Alhali kuwa tsohuwar 'Yandoto tana cikin mashahuran garuruwan ilmi na ƙasar Hausa tun kafin jihadi, inda almajirai suka riƙa zuwa daga nesa don neman karatu. A wancan zamani wannan yanki duk yana ƙarƙashin Katsina, shi ake kira Katsinar Laka. Labarin da aka gada ya nuna cewa Muhammadu Korau, wanda ya karɓi sarautar Katsina daga hannun Sanau a ƙarni na 15, kuma ake ɗauka shi ne Musulmin farko da ya hau wannan gado, mutumin 'Yandoto ne. Har gobe fadar Katsina Gidan Korau ake ce da ita. Watau babban birni yana tunawa da ɗan 'Yandoto kullum, mu kuwa da muke maƙwabtaka da garin sai a tambaye mu mu yi shiru.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso a 1804, malaman 'Yandoto ba su ba da kai ba. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna, aka nemi sulhu bai yiwu ba, aka ci garin, malamai suka watse. Daga baya Shehun Barno Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya zargi masu jihadi da lalata littattafai, Bello kuma ya ba shi amsa a cikin Infaƙul Maisuri, inda ya ba da labarin yadda shi da kansa ya ga iska tana kwasar takardu bayan an ci wani gari, ya shiga tsintar su har ya gaji, ya kuma tsawata wa jama'arsa. Masana da dama suna ganin 'Yandoto ce wannan gari. Ba mu kawo wannan labari don mu yi wa magabata shari'a ba, wannan ya fi ƙarfinmu. Mun kawo shi ne don mu ga cewa shi kansa jagoran rundunar bai iya jure ganin takarda a ƙasa ba. Sarautar garin dai ba ta mutu ba, domin har yanzu 'Yandoton Tsafe ake kiran sarkin Tsafe. Abin tambaya shi ne, takardun da suka tsira suka shige gafakokin zuriyar malaman nan, wa ya san inda suke a yau?

Dutsen Kwatarkwashi

Idan aka ci gaba da tafiya, kafin a kai Gusau, sai ga Dutsen Kwatarkwashi ya tokare sama. Yana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, kuma garin da ke gindinsa yana cikin tsofaffin mazaunan wannan ƙasa. Dutsen ya yi wa mutanensa garkuwa a zamanin yaƙe-yaƙe, ya kuma shahara da bikin kamun maiki da magabata suka riƙa yi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya taɓo matsayin wannan wuri da na 'Yandoto a cikin littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, kuma muna roƙon duk ɗalibin da bai karanta shi ba ya nema.

Amma akwai wani labari na Kwatarkwashi mai ɗaci. A cikin shekarun 1990 aka auka wa wannan yanki da haƙa, ana tono mutum-mutumin yumɓu gasasshe da mutanen da suka riga mu suka ƙera, waɗanda ake kiyasta wasunsu sun kai shekara 2,000. Dillalai suka saye su a hannun talakawa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, suka fitar da su Turai. Ɓarnar ta yi yawa har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa irin waɗannan kaya na yankin Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekara ce aka baje guda uku a gidan tarihi na Luba da ke Faris, biyu na Nok, ɗaya samfurin Sakkwato. Sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, bisa sharaɗin su zauna a can aro na shekara 25. Hasarar ba ta tsaya ga tafiyar kayan ba. Masanin tono ƙasa yana karanta tarihi ne daga inda ya tarar da abu, da zurfin ramin, da gawayi da katangar tukunyar da ke kusa da shi. Wanda ya tone da magirbi cikin gaggawa ya yage wannan shafi, ba kuwa mai iya mayar da shi.

Mun san a cikinmu akwai mai cewa a zuci, ai waɗannan gumaka ne, me ya haɗa Musulmi da su? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa. Adana abu daban, bauta masa daban. Misira ƙasar Azhar ce, amma ta adana kayan Fir'aunoni. Sa'udiyya da kanta ta nemi a sa Mada'in Salihu cikin wuraren tarihi na duniya, aka kuwa sa shi a 2008. Littafinmu mai tsarki ya sha kiran mutane da su lura da yadda ƙarshen al'ummun da suka gabata ya kasance. Wanda ya sayar da shaidar ga dillali, da me zai yi wannan lura?

Gusau Ta Malam Sambo

Gusau kuwa ƙanwa ce a cikin waɗannan garuruwa. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, kuma laƙabin sarkinta, Sarkin Katsinan Gusau, yana tuna mana da waccan tsohuwar dangantaka da Katsina. Hare-haren Katsinawan da suka koma Maraɗi sun taɓa tilasta wa mutanenta zaman Rawayya, a ƙasar Bunguɗu ta yau, kafin su komo. Saboda irin wannan zama ne aka kewaye garin da ganuwa. Sunayen Ƙofar Jange da Ƙofar Mani suna bakin kowane ɗan acaɓa da mai Keke Napep, amma mutum nawa ne zai iya tsayawa ya nuna inda ganuwar ta bi?

Daga baya sai ga jirgin ƙasa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, kuma shi ya mai da Gusau kasuwar auduga da gyaɗa. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, Yarbawa da Ibo da Kwarori suka zo suka zauna, aka gina gidan gurzar auduga, bayan mulkin kai kuma aka kafa masaƙa. Tashar jirgi da tsofaffin sito-siton nan da muke wucewa muna ganin kangaye, su ma tarihi ne, don su ne shaidar yadda ƙaramin gari ya girma har ya zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Halin Da Muke Ciki

Zai zama rashin gaskiya mu tsaya a nan muna zancen yawon buɗe ido kamar ba mu san halin da ƙasarmu take ciki ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukanmu. Hanyar Tsafe da muka ambata ana bin ta ne da addu'a a baki. A watan Satumba na 2023 an shiga Sabon Gida an kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunan kwanansu. Saboda haka ba mu ce wa kowa ya ɗauki jaka ya nufi daji ba, kuma ba mu yaudari kanmu cewa gobe baƙi za su cika Kwatarkwashi ba. Zuwan baƙi zai jira zaman lafiya. Abin da ba zai jira ba shi ne tsofaffinmu. Wannan fitina ta tayar da ƙauyuka, ta raba dattawa da kufan iyayensu, ta zube su a cikin Gusau da Tsafe da Bunguɗu. A kansu akwai jerin sarakuna, da sunayen rijiyoyi da duwatsu, da labarin wanda ya fara saran kowane daji. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu tare da abin da suka sani.

Abin Da Ya Rage Mana

Ga ɗalibai, aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kowannenmu yana da waya a aljihu mai ɗaukar murya da hoto. A hutun nan mai zuwa, kowa ya nemi dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya a unguwarsu, ya durƙusa ya gaishe su, ya nemi izini, ya ɗauki abin da za su faɗa, ya rubuta rana da wuri. Wanda gidansu ke da gafakar littattafai ya roƙi iyaye su bari a ɗauki hoton kowane shafi, littafin ya zauna a hannun masu shi. A kai kwafi ɗakin karatu na jami'a, a aika wani Gidan Arewa a Kaduna ko ma'adanar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, domin ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, ga shi a ƙofar gida.

Ga 'yan'uwanmu matasan ma'aikata kuwa, naku ya fi nauyi, domin takardar da ke rushe ganuwa ta kan teburinku take bi. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba. Ku san wannan doka. Idan fayil ɗin rabon fili ya zo gabanku, ku tambaya me ke wurin kafin ku sa hannu. Tambaya ɗaya daga ƙaramin ma'aikaci tana iya ceton abin da ya shekara ɗari biyu a tsaye. Maƙwabtanmu na Argungu sun riƙe bikin kamun kifinsu har duniya ta amince da shi a 2016, kuma ba su fi mu abin nunawa ba.

Daga ƙarshe, Shugaba, muna fatan ranar da Allah zai kawo mana lafiya, motar ɗalibai ta tsaya a gindin Dutsen Kwatarkwashi, yaro ɗan garin ya fito ya yi musu jagora, ya faɗi abin da ya karanta a cikin littafin da ɗaya daga cikin mazauna wannan zaure ya rubuta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.