Tun Ran Gini, Ran Zane: Wa Zai Tsara Suturarmu ta Gobe?



Idan muka dubi wannan zaure, za mu ga shadda da atamfa da leshi iri-iri, abin gwanin sha'awa. Amma da za mu duba bakin kowane yadi, da wuya mu sami wanda aka saƙa a ƙasar nan. A da kuwa, mu ke tufatar da wasu. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Turkudin Kura kuma shi ne abin alfaharin Buzaye.

To, yaya aka yi reshe ya juye da mujiya? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, darajar baba ta soma faɗuwa a duniya. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, dubban mutane suka sami abin yi. A 2007 babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe, bayan matsalar wutar lantarki da kwararowar yadi mai arha daga waje sun durƙusar da masaƙunmu. Duk waɗannan sauye-sauye sun same mu ba shiri, domin ba mu taɓa zama muka tambayi kanmu abin da gobe za ta zo da shi ba.

Akwai waɗanda suka mayar da wannan tambaya aikin gayya. A 2020 aka fara wani shiri mai suna Fashion Fictions a Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila. Kowa na iya shiga. Da farko mutum zai rubuta kalmomi 100 yana siffanta wata duniya da mutanenta ke mu'amala da tufafi ta wata hanya dabam. Daga nan a taru a zana ko a ɗinka samfurin kayan wannan duniya. A ƙarshe wasu su gwada rayuwa da su a zahiri. Hikimar ita ce, abin da aka taɓa da hannu ya fi saurin jawo muhawara fiye da abin da aka ji da kunne.

Shawararmu ita ce mu gwada irin wannan a gida. Mu tara marini da masaƙi da mabugi da tela da mai ɗinkin hula, da matan da ke sayayya a Kantin Kwari, da 'ya'yanmu da aka haifa a Legas da Abuja. Mu aje musu shekarar 2050, mu ce su siffanta mana ranar buki uku. A ta farko, gwanjo da yadin waje sun mamaye komai. A ta biyu, zafi ya tsananta har kowa ya koma neman auduga mai shan iska. A ta uku, kowace amarya ba ta tarewa sai da zane ɗaya saƙar garinsu a lefenta. Kowace ƙungiya ta ɗinka riga ɗaya ta wannan zamani, a rataye a gaban jama'a.

Sannan mu waiwayo mu tambaya: idan ta ukun muke so, me ya kamata mu yi bana? Wa zai noma baba? Yara nawa za mu ɗauki nauyin koyonsu wajen tsofaffin da suka iya aska takwas? Mu mazauna birni muna da babban rabo a nan, domin kuɗin ankonmu na shekara ɗaya zai iya raya karofi ko ya binne shi.

Masu sanin sirrin waɗannan sana'o'i suna tsufa, kuma idan suka tafi da iliminsu, kuɗi ba zai dawo da shi ba. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Muna roƙon wannan taro ya sa ranar zaman farko kafin mu watse.