Daga Juji Zuwa Gona: Bashin da Birni Ke Biyan Ƙasar Noma



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da kowa ke toshe hanci in ya gifta shi, wato sharar da ke fitowa daga madafanmu da kasuwanninmu. Nufina in nuna cewa ɓawon doya da ruɓaɓɓen tumatir da toka dukiyar gona ce da birni ya ranta, kuma wajibi ne ya mayar da ita inda ya ɗauko.

Ƙasar nomanmu a nan Arewa galibi jigawa ce, kuma ruɓaɓɓen ganye da tushen da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ɗan abin shi ne ke riƙe danshi, shi ke ciyar da tana da ƙananan halittun da ke sassauta ƙasa. Duk buhun gero ko kwandon albasa da ya shigo gari, ya shigo ne da wani ɓangare na ƙarfin gonar da ta haife shi. In ana ɗiba ba a mayarwa, ko rijiya ma ƙafewa take yi.

Kakanninmu sun san haka. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda manoma ke nome gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba. Da rani jakuna kan shigo birni da itace, su koma da mangala cike da shara da toka da kashin awaki, a jibge a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Daga baya tifa ta karɓi yawancin aikin jaki.

To, me ya raunana wannan tsari? Abu na farko shi ne takin zamani mai rahusa, wanda ya yawaita bayan shirin ciyar da ƙasa na 1976, har wasu suka ɗauka zamanin juji ya wuce. Amma gwajin da aka fara a Samaru ta Zariya tun 1950 ya nuna cewa gonar da ake zuba wa takin zamani zalla shekara da shekaru tsami take yi, alhali wadda aka haɗa mata da takin dabbobi tana riƙe ƙarfinta. Abu na biyu shi ne leda. Sharar da ta cakuɗe da leda da kwalba da tsohon batir ta tashi daga taki ta koma cuta: ledar tana hana ruwa ratsa ƙasa, dabba ta haɗiya ta mutu.

Maganin kuwa a bakin murhu yake farawa. Kowane gida ya ware abin da ke ruɓewa daban, a kai shi ramin unguwa. A shimfiɗa busasshen abu, kamar ƙaiƙayi ko yankakken kara, a ɗora ɗanyen ɓawo da ganye, a bi da kashin dabbobi da 'yar toka, a yayyafa ruwa, haka hawa-hawa har ramin ya cika. Kada a sa nama ko mai, don suna jawo ɓera da ƙuda. Cikin kwanaki kaɗan tarin zai ɗau zafi har ya haura digiri 55, kuma zafin nan ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A riƙa juya shi bayan mako biyu ko uku don iska ta shiga. Cikin kamar wata uku zai koma baƙi, ya yi laushi, da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Irin wannan tsari ne Albert Howard ya daidaita a Indore ta ƙasar Indiya, ya wallafa shi a 1931, bayan ya daɗe yana lura da manoman can.

Dalilin da ya sa na ce ramin unguwa shi ne, sharar gida ɗaya ba ta isa ta yi tarin da zai ɗau zafi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nan ne aikinku ya shigo, ku ma'aikata. Ƙaramar hukuma ta ba da fili nesa da rijiya, mai unguwa ya sa ido, matasa su yi aikin su sayar wa masu lambu. Kasuwanni irin su 'Yankaba da 'Yanlemo a Kano, inda kayan gwari da na marmari ke ruɓewa kullum, su ne suka fi cancanta a fara da su. Ku kuma ɗalibai, ku auna takin, ku gwada shi a gona, ku gaya wa manomi mangala nawa kadada ke bukata.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.