Jawabi ga Hausawan Bronx Kan Riƙon Addini a Baƙunta

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah gafarta malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana na Kano da Damagaram, na Kumasi da Nima, da 'ya'yanmu haifaffun nan, sannunku da zuwa cikin wannan hunturu.

A Disamba rana kan faɗi a birnin Niyok wajen ƙarfe huɗu da rabi. Azahar da La'asar da Magariba duk sukan riski mutum yana bakin aiki. Mai tuƙa tasi yana neman inda zai ajiye mota ba a manna masa takardar tara ba. Mai jinyar tsofaffi tana gidan mutane, tana tunanin yadda za ta shimfiɗa darduma a falon wanda bai taɓa ganin sujada ba. Wani kuma ya ɗora ƙafa a mawankin hannu na ofis yana alwala, abokin aiki ya shigo ya tsaya yana kallonsa baki sake. Wannan kallon ne yake cin mu. Saboda shi mutum yake tara salloli sai ya koma gida da dare, tun yana jin zafin abin har ya daina ji.

Nakan ji ana kawo karin maganar nan, wai in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. A kan cika alƙawarin lokaci da bin layi da biyan haraji, na yarda da ita ɗari bisa ɗari. A kan salla da haram, ban yarda ba. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekarar 615 ƙarƙashin Najjashi, sarki Kirista, suka zauna. Da aka kai su fada ba su yi wa Najjashi sujada ba, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tashi ya bayyana abin da suka yi imani da shi cikin ladabi, sarki ya ba su aminci. Ja'afar bai baro ƙasar ba sai shekara ta 7 bayan Hijira. Kakannin wasunmu ma, fataken goro, haka suka kafa zango a Salaga da Kumasi cikin mutanen da addininsu daban ne, suka gina masallaci, suka buɗe makarantar allo.

Mu kuwa dokar ƙasar nan tana bayanmu. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya ba ka damar ibadarka matuƙar hakan ba zai jawo masa cutarwa mai nauyi ba. Amma sai ka buɗe baki ka nema. Ku tuna yadda aka samu hutun Salla a makarantun gwamnati na birnin nan. A 2006 aka sa jarrabawar jiha ranar Babbar Salla, iyaye suka haɗa kai da ƙungiyoyi suka fara kai kuka. Majalisar birni ta goyi baya a 2009, Magajin Gari Bloomberg ya ƙi. Ba su gaji ba, sai a 2015 Magajin Gari Bill de Blasio ya sa Sallolin biyu cikin ranakun hutu. A 2023 kuma aka ba masallatai damar kiran sallar Juma'a da lasifika ba tare da neman izini na musamman ba. Mutanen da ba su ɓoye kansu ba ne suka samo mana waɗannan.

Sai dai, 'yan'uwa, wanda ya nemi minti goma na salla ya dawo a minti goma. Wanda ya ƙi zama teburin giya a walimar ofis kada a kama shi da ƙarya a takardar neman tallafi. Maƙwabcinka ba zai buɗe littafin fiƙihu ba, halinka zai duba ya yanke wa Musulunci hukunci.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne yaranmu. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta shiga aji da hijabi, ƙawaye su tambaye ta dalili, ba ta da amsa sai dai "Mama ce ta ce." Yaro ya ƙi naman alade a ɗakin cin abincin makaranta, a yi masa dariya, ya dawo gida ya tambaya, uba ya daka masa tsawa. A gida gari duka ke taya mu tarbiyya, daga ladan har maƙwabci. A nan yaro shi kaɗai yake tsaye, kuma amsar da ba a ba shi a ɗaki ba, a waya zai nemo ta wajen wanda ba mu sani ba. Haddar surori wajibi ce, amma a haɗa da fassara da dalili, da Hausa in yana ji, da Ingilishi in shi ya fi ganewa. Iyaye mata, ku kuka fi zama da su, ku bar su su yi tambaya ko da ta yi muku nauyi.

Roƙona a yau guda ne. Makarantarmu ta Asabar tana buƙatar matasan da suka yi karatu a nan, suka sha irin wannan kallon suka tsaya, su zauna da ƙannensu awa ɗaya a mako. Takarda tana bakin ƙofa, duk mai iko ya rubuta sunansa kafin ya fita. Allah ya tsare mana imaninmu da na zuri'armu.