Sauya Bayani Gwargwadon Ɗalibi a Ajin Firamare: Anka, Gummi da Bukkuyum

Bayanin da malamin firamare ya yi sau ɗaya a gaban allo ba ya isa ga yara duka daidai wa daida. Wani ya kama tun daga jimlar farko, wani sai an zana masa, wani kuwa sai abin ya shiga hannunsa. Kowane malami a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san wannan tun makonsa na farko a aji. Inda ake saɓani shi ne dalilin bambancin, da abin da ya kamata a yi a kansa.

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne kowane yaro da irin hanyar da yake koyo. A 1987 Neil Fleming, wani malami a ƙasar Niyu Zilan, ya kasa masu koyo gida huɗu: masu gani, masu saurare, masu karatu da rubutu, da masu aiki da hannu. Tsarin ya samu karɓuwa domin yana da daɗin faɗa. Amma a 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, suka tarar lallai mutane na da hanyar da suka fi so, sai dai babu gamsasshiyar hujja cewa koyar da yaro ta wannan hanya kaɗai na ƙara masa fahimta. Saboda haka laƙaba wa yaro suna "ɗan gani" ko "ɗan ji" ba shi da tushe, har ma yana iya rufe masa sauran ƙofofi. Darasin ne ke zaɓar hanyarsa: taswirar Zamfara sai an gan ta, bambancin "d" da "ɗ" sai an ji shi, awon mudu sai an auna.

Abin da ya raba yaran wannan yanki a zahiri shi ne abin da kowa ya zo da shi daga gida. A aji uku guda akan samu wanda ya yi shekara biyu a makarantar allo, hannunsa ya saba da alƙalami amma yana fara rubutu daga dama. Da yarinyar da ke talla, wadda lissafin canji ya zauna mata a ka. Da ɗan Fulani mai tunani da Fulatanci. Da wanda rashin tsaro ya taso da iyayensa daga ƙauye zuwa cikin garin Anka, ya yi zango biyu ko uku bai ga aji ba. Akwai kuma batun gubar dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano annobar a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya hallaka yara kusan 400. Dalma na raunana natsuwa da riƙe abu a ka. Yaran wancan lokaci sun girma, amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba, don haka yaron da ke manta umarni kafin a gama faɗa ba lallai ne malalaci ba. Irinsa yana bukatar zama a gaba, da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da maimaici ba tare da tsawa ba.

Hanyar da ta fi amfani ita ce a bi da darasi guda ta matakai, kowa da kowa ya bi su. Masani Jerome Bruner ya bayyana matakai uku a 1966: aiki da abu, sai hotonsa, sai alamarsa. A ɗauki 43 a debe 17, inda yara da yawa ke tuntuɓe a kan "aro". Malam ya kawo guntayen karan dawa, ɗauri huɗu na goma-goma da sili uku. Ya ce a cire bakwai daga silin. Ba su kai ba. Can sai wata yarinya ta kwance ɗauri ɗaya, sili ya zama goma sha uku, ta cire bakwai, ta ɗauke ɗauri guda, saura ɗauri biyu da sili shida. Sannan a zana ɗaurin a allo, daga ƙarshe a rubuta 26. Wanda ya kwance igiyar da hannunsa ya san abin da ƙaramin "1" ɗin da ake ɗorawa yake nufi. Mai talla kuwa ƙofarta daban ce: idan 500 a debe 350 ya gagare ta a rubuce, a tambaye ta canjin wanda ya sayi ƙosan naira ɗari uku da hamsin ya miƙo ɗari biyar. Kafin a rufe baki ta amsa. Aikin malam shi ne ya nuna mata cewa abin da ke allo shi ne wanda ta riga ta sani.

Harshe ma haka. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa, kuma shirin RANA ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa a Zamfara da Katsina. Sai dai Hausar littafi ba ita ce ta bakin Bazamfare ba. Yaro na cewa "tahi" da "biyat", littafi na cewa "tafi" da "biyar". Idan ya rubuta "tahi", kunnensa bai yi kuskure ba, jan biro kuma ba zai koya masa komai ba. A rubuta kalmomin biyu gefe da gefe, a ce wannan ta magana ce, wannan ta rubutu.

Makarantar allo ta daɗe da dabarar bin kowane yaro gwargwadon inda ya kai, ko da yake ba kasafai ake yaba mata ba. Kowane almajiri da allonsa da inda ya tsaya. Yana rubutawa, ya ji an biya masa, ya maimaita da ƙarfi, kuma ba ya wankewa sai ya iya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta a kan kusan wannan tunani: a gwada yara, a kasa su bisa abin da suka iya maimakon shekaru ko aji, masu haruffa daban, masu kalmomi daban, masu karanta labari daban. A aji mai cunkoso, inda malam ba zai iya bin yara ɗaya bayan ɗaya ba, rukuni uku ko huɗu na yiwuwa, a sa waɗanda suka yi gaba su riƙa biya wa na baya kamar yadda gardi ke yi wa ƙolo.

Saura yadda za a san bayani ya shiga. Tambayar "Kun gane?" amsarta ɗaya ce, aji ya ɗauka baki ɗaya, "E, Malam!" Maimakonta, a ba da tambaya guda kowa ya rubuta amsa a ƙaramin allo ko a ƙasa da tsinke, malam ya zaga ya duba. Wanda ya rubuta 34 a amsar 43 a debe 17 ya debe ƙarami daga babba ne a kowane layi, shi za a mayar wa karan dawa. Wanda ya rubuta 36 ya yi aron amma ya manta ya rage ɗauri ɗaya, zane a allo ya ishe shi.