HAKKIN ƊAN CI-RANI YANA WUYAN WANDA YA SA SHI AIKI

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani Malami ya gabatar ga matasa bayan sallar Isha'i a wani zaure da ke unguwar Zaitawa, cikin birnin Kano, a kan ɗaukar baƙi 'yan ci-rani aiki. A sha karatu lafiya.

Bayan hamdala da salati ga Manzon Allah (SAW), Malam ya fara da tambayar 'yan uwa, wane ne ya kawo ruwan da aka yi alwala da shi yau a gidajensu? Ya ce in an bincika, da yawa za a tarar ɗan ga-ruwa ne, kuma baƙo ne. Wani daga ƙasar Damagaram, wani daga Tawa ko Maraɗi, wani daga ƙauyukan Jigawa da Katsina. Da an gama kaka sai su shigo birni, damina na faɗuwa su koma gona. Su ne 'yan dako a Dawanau da Singa da Kantin Kwari, su ne leburorin da ke kwaɓa siminti, su ne masu gadi. Ya tunatar da cewa farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ne ya kashe wa Buzaye dabbobi, har ya sa masu garken raƙuma suka dawo suna kwana a ƙofar gidan wani da takobi.

Malam ya ce a yi lissafi. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. In kura ta ɗauki jarka 12, kilo 300 ke nan mutum ɗaya yake turawa cikin lungunan birni. To amma da wannan bawan Allah ake tsayawa ciniki kamar za a yi faɗa, ko a ce masa ya zuba ya dawo gobe.

Daga nan sai ya shiga gundarin maganar. Ya ce kowa ya san dalilin da ya sa ɗan kwangila ko mai shago ya fi son baƙo. Ana cewa ya fi juriya, ya fi araha. To ina arahar ta fito? Ya ce daga rauninsa ta fito. Ba shi da dangi a gari, ba shi da ƙungiya, wani ko takarda ba shi da ita, yana tsoron hukuma, kuma ya bar iyali suna jiran hatsi. Saboda haka duk abin da aka yanka masa sai ya karɓa. Wanda ya rage wa mutum lada don ya san ba shi da wurin kai ƙara, in ji Malam, zalunci ya yi, ko da mutumin ya ce ya yarda.

Ya yi nuni da cewa dokar ƙasa ma ba ta kai wurinsu ba. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, gwamnatin Kano ta sa 71,000 ga ma'aikatanta. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan maigadi da yaron shago da lebura suna waje. Ga kuma faɗuwar Naira tun 2023, wadda ta sa abin da ɗan Nijar ya tara a rani guda, in ya canza shi zuwa sefa, sai ya ga ya zube. Ya ce tunda babu kotun da za ta bi musu, abin da ya rage shi ne tsoron Allah na wanda ya sa su aiki.

Malam ya ja hankalin 'yan uwa zuwa ga ƙissar Annabi Musa (AS) a cikin Suratul Ƙasas. Ya baro Masar a tsorace, ya isa Madyana baƙo, ba kowa ba komai. Aikin farko da ya yi a can shi ne shayar da dabbobin wasu mata biyu. Da mahaifinsu zai ɗauke shi aiki sai da ya bayyana masa wa'adi, shekara 8, in ya cika 10 ganin damarsa ne, kuma ya yi alkawarin ba zai matsa masa ba. Ya ce daga irin wannan malaman fiƙihu suka shar'anta cewa a ijara dole a san aiki, a san lada tun farko. Maganar "yi aikinka, ba za mu ɓata ba" ba ciniki ba ne, tarko ne. Ya ƙara da cewa ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya gama masa, sannan ya hana shi ladansa, yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama.

Sai Malam ya juyo kan abin da ya ce ya san yana ran wasu matasa, wato cewa baƙi ne suka ƙwace musu aiki, suka karya farashin ƙwadago. Ya ce damuwar gaskiya ce, domin in mai gini ya sami wanda zai karɓi rabi, ɗan gari zai zauna a dakali. Amma a duba wane ne ya ci ribar. Baƙon bai ƙoshi ba, ɗan gari bai samu ba, rarar tana aljihun mai aikin.

Ya ce an taɓa gwada kora, an ga ƙarshenta. Bayan rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a nan Kano aka yi ta nuna baƙi da yatsa. Da kuɗin man fetur suka faɗi, sai a ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shagari, ta bakin Ministan Cikin Gida Ali Baba, ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana. A 1985 gwamnatin Buhari ta sake wata korar. Malam ya tambaya, shin talakan Kano ya sami aiki bayan haka? Abin da ya biyo baya shi ne shirin SAP na 1986, sannan masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ɗan ga-ruwa ne ya rufe su ba.

Ya kuma tunatar da cewa baƙunta juyi take yi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta kori baƙi, aka kwaso Hausawa da Yarabawa daga zangunan Kumasi da Akara, wasu a can aka haife su. Ga kuma 'yan uwanmu a Makka da Jidda, waɗanda ake kira takari, suna aikatau a gidajen Larabawa, wasu an riƙe musu fasfo, wasu a kamo su a dawo da su ba albashi. Ya ce wanda ransa ke ɓaci in ya ji an cuci yayarsa a Jidda, ya dubi yadda yake yi wa ɗan Tawa a Zaitawa.

A ƙarshe Malam ya bar wa 'yan uwa abubuwa huɗu. A yanka lada kafin a ɗora hannu a aiki. A biya baƙo daidai da abin da za a biya ɗan gari a aiki iri ɗaya, domin wannan ne kaɗai zai hana a yi amfani da ɗaya a karya ɗayan. A daina riƙe kuɗin maigadi da sunan ajiya sai zai tafi gida, sai in shi ya nema, kuma a rubuta da shaidu. In ya kwanta ciwo a bakin aikinka, maganinsa yana kanka. Ya ce duk wanda ya san akwai kuɗin wani ɗan ci-rani a hannunsa, to ya neme shi kafin ruwan farko ya sauka ya tafi.

An rufe zaman da addu'ar Allah ya raba mu da hakkin bayinsa.