Wa ke riƙe da kamera idan ana ba da labarin garinmu?

  Na gode da kuka bar fada da shayi kuka zo saurare.

An ce in yi magana kan karatun da na yi, wato karatun ba da labari da hoto, wanda wasu ke kira karatun sinima. Ni ɗan Gidan Amumune ne, cikin gundumar Mayahi, jihar Maraɗi. Ranar da na samu bak, na gaya wa mahaifina abin da nake so in karanta a Yamai. Ya daɗe shiru, sannan ya ce: "Kai ɗan nan, ɗaukar hoto har sai an je jami'a? Ai yaron da ke cajin salula a kasuwa ma yana ɗauka." A ranar ba ni da amsa. Yau ita na kawo muku, don na san da yawanku za a yi muku wannan tambayar a gida.

Bari mu koma 2005. Damanar 2004 ta zo da fari da fara, hatsi ya yi tsada, yara suka shiga tamowa. An yi watanni ana kiran duniya ta kawo agaji, amsa kaɗan ce ta zo. Sai a watan Yuli na 2005 BBC ta nuna hotunan yara ramammu a cibiyar likitocin MSF da ke Maraɗi, nan da nan taimako ya soma kwarara. Ni a lokacin ina ƙaramin ɗan lakwal, garinmu ba lantarki balle tele. Ban ga hotunan nan ba sai da na girma, aka nuna mana su a aji.

Hotunan gaskiya ne, kuma sun ceci rayuka, wannan ba gardama. Amma malaminmu ya tsayar da bidiyon ya ce: me ba ku gani ba a nan? To, ba mu ga kasuwa ba. A shekarar nan akwai hatsi a kasuwanni, kuɗin sayensa ne talaka ba shi da shi. Ba mu ga manomin da ya sayar da geronsa da arha a kaka don ya biya bashi, ya dawo yana saye da tsada a bazara ba. Wanda ya kalli yaron kaɗai zai ce ƙasar ce ba ta ba da abinci. Wanda aka nuna wa yaron tare da tiyar gero da kuɗinta, wata tambaya daban zai yi.

Kuma a wannan jiha tamu, a daidai waɗannan shekaru, wani abu na faruwa cikin gonaki. Tun wajen 1983 manoma suka kama sassaben zamani: maimakon a sare tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su su girma. An ƙiyasta cewa ta haka kusan hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a Nijar, itace wajen miliyan 200, gawo da kalgo da sauransu. Iyayenmu suka yi aikin da hannunsu. Amma sai da masana suka kwatanta hotunan da aka ɗauka daga sama duniya ta yarda. Fim ɗin da ya yi fice a kan batun ma, wani Bajamushe ne, Volker Schlöndorff, ya yi shi, kuma tauraronsa Tony Rinaudo ne, mutumin Ostareliya da ya yaɗa dabarar daga Maraɗi. Ba na ganin laifinsu, sun yi nasu. Tambayata ita ce, mu ƴaƴan masu gonakin muna ina?

Yanzu me ake koya a wannan karatu? Ana koyon kamera, i: hoton nesa da na kusa, da yadda ranar tsaka ke zuba inuwa cikin idon mutum, shi ya sa ake neman hasken safiya ko na la'asar. Ana koyon ɗaukar murya, kuma duk wanda iskar hunturu ta taɓa ɓata wa aikin yini guda ya san darajar wannan darasi. Ana koyon rubutu: kafin ka taɓa kamera sai ka rubuta labarin wa za ka ba da, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me ya sa kai ne za ka faɗa. Sai montaj, wato yanka hotuna da jera su. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar mutum ɗaya ya jera ta da kwanon miya, sannan da gawa cikin akwati. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, suka ga baƙin ciki a ta biyu, alhali fuskar ba ta canza ba. Kun gane ke nan, mai jera hoto yana iya sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Ni kaina na faɗa wannan rami. A hutun shekarar farko na koma gida na ɗauki gwaggona tana saƙar tabarmar kaba. Na kama hannunta da ya tattare, na kama tsagewar bangon ɗakinta, na sa kiɗa mai sa tausayi. Abokaina suka yi ta yabo. Da na nuna mata a salula, ta kalla har ƙarshe ta ce: "Ɗana, wannan matar almajira ce? Ni da kabar nan na sayi awaki, da ita na aurar da ƴaƴa biyu. Ina awakin?" Wallahi kunya ta kama ni. Abin da na zargi baƙi da yi, shi na yi wa ƴar uwar ubana. Na sake zuwa na yi kwana huɗu ina zaune kusa da ita ban kunna komai ba, har na ji yadda take ciniki da masu sari ranar kasuwa. Fim na biyu da shi aka yi ta dariya a gidanmu, don a ciki an ga yadda take tsare kuɗinta.

Daga nan na riƙe cewa wanda ke gaban kamera yana da haƙƙi a kanka. Ka gaya masa inda hoton zai je, ka nemi yardarsa da harshen da yake ji. Mu da ke birni muna tura hoton majinyaci ko na wanda ya yi hatsari a WhatsApp da Facebook ba mu tambayi kowa ba. Hoton yaron da ka saka yau zai iske shi ranar da ya girma.

Kada wani ya ce muku wannan ba sana'ar ƴan Nijar ba ce. Oumarou Ganda ne ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. Sani Magori, ɗan Galmi, aikin gona ya fara karantawa, sannan ya karanci fim a Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a Senegal. Ya yi fim kan albasar garinsu, ya kuma yi Kukan Kurciya kan mazan da suka tafi ci-rani ba su dawo ba, har da mahaifinsa. Aïcha Macky ta Damagaram ta karanci ilimin zamantakewa, ta bi ta IFTIC a Yamai da Saint-Louis. A 2016 ta fitar da fim kan rashin haihuwa, da labarin kanta a ciki, a 2021 kuma ta fitar da Zinder kan matasan unguwar Kara-Kara. Ku lura, su biyun nan gida suka juya da kamerarsu. Akwai kuma ISIS a Wagadugu, akwai makarantar fim ta ƙasa a Jos ta Najeriya.

Ba zan ɓoye muku ba, karatun da tsada, kayan aikin da tsada, kuma takardar ba ta zuwa da albashi a hannu. Da yawanmu da bidiyon biki da aikin ƙungiyoyi muke ci, fim ɗin da ke ranmu sai a tsakani. Duk mai so ya shiga da idonsa buɗe.

Kafin ku yanke shawara, ga gwaji. Wannan satin kowa ya zaɓi mutum ɗaya, mai markaɗe ko mai ga-ruwa ko kakarsa. Ku zauna da shi sau biyu ba ku ɗauki komai ba. A na uku ku nemi izini, ku yi minti uku da salularku, ku fara nuna masa kafin kowa ya gani. Idan ya ce "i, ni ne wannan," ku kawo mu kalla tare a zama na gaba. Mahaifina ma sai da ya ga fim ɗin gwaggo na biyu ya ce in ɗauki gawon gonarsa.